Ruwan Nano da Ramukan Kwal: Kundin Aikin Ɗakin Gwaji

4 ga Fabrairu

Tambayar da muka sa a gaba ita ce: idan aka tura ruwa mai ɗauke da ƙwayoyin silika (sinadarin da ke cikin yashi) 'yan mitsi-mitsi, wato ruwan nano, cikin kwal mai riƙe da iskar metan, me ke samun ramukan kwal ɗin? Buɗewa suke yi, toshewa suke yi, ko kuwa bangonsu ne kawai ke sauya hali ya daina riƙe ruwa?

Ajiyar gas a kwal daban take da ta dutsen yashi. A dutsen yashi, gas yana zaune ne a sararin da ke tsakanin ƙwayoyi. A kwal kuwa, mafi yawansa manne yake a bangon wasu ramuka ƙanana ƙwarai, waɗanda faɗinsu bai kai nanomita 2 ba, alhali nanomita guda kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Matsin ruwan da ke cikin shimfiɗar kwal ɗin ne ke danne shi a wurin. Shi ya sa rijiyar irin wannan gas ruwa take fara bayarwa, wani lokaci wata da watanni. Sai matsi ya sauka gas zai saki bango, ya ratsa naman kwal a hankali, ya faɗa cikin tsage-tsagen da kwal ke da su tun asali, daga nan ya bi su zuwa rijiya. Ramuka su ne ɗakunan ajiya, tsage-tsage su ne tituna, kuma duk cikar ɗaki, in titi ya toshe kaya ba sa fita.

A kwarin San Juan na Amurka da na Surat a jihar Queensland ta Ostareliya akwai wuraren da tsagen ke buɗe sosai. A kwarin Qinshui na lardin Shanxi a ƙasar Sin kuwa, kwal ɗin antirasait ne, wato irin da ya fi nuna da tauri, mai gas da yawa amma matsattse, sau da yawa ƙarfin wucewar iska a cikinsa ba ya kai milidasi 1, wato ƙasa yake ƙwarai a ma'aunin wucewa. Dole a fasa shi da ruwa mai matsi. Wani kaso na ruwan ba ya dawowa, yana maƙalewa a ƙananan kafofi ya tare wa gas hanya. A nan ne ake sa rai ruwan nano zai yi amfani. Stephen Choi na ɗakin bincike na Argonne a Amurka ne ya fito da batun irin wannan ruwa a 1995, shi kuma lokacin sanyaya injuna ne damuwarsa. Daga baya masu haƙar mai da gas suka ɗauka.

Kwal iri biyu muka tanada: antirasait, da kuma kwal mai matsakaicin nuna da za mu kira bitumin (ba kwalta ba). Kowanne mun raba shi uku: gari mai girman milimita 0.18 zuwa 0.25, ɓallaye da aka goge fuskarsu, da curi mai siffar silinda da aka yanko daidai da kwanciyar tsagen. Silikar ma iri biyu ce, mai son ruwa da wadda aka yi wa rufi don ta guje shi, duka girmansu a takarda nanomita 15.

13 ga Fabrairu

A ruwa tsantsa silika mai son ruwa ba ta da rigima. Muddin pH, ma'aunin tsamin ruwa, ya haura 2 zuwa 3, fuskarta na ɗauke da cajin nagetif, ƙwayoyin suna ture juna, ruwan ya zauna garau ba laka a gindin kwalba. Amma ba ruwa tsantsa ake tura wa rijiya ba. Ana zuba gishirin fotasiyam kulorayid (KCl) don hana yumɓu kumbura, galibi wajen kashi 2 cikin 100. Na yi lissafi: hakan kusan mol 0.27 ne a lita, kuma a wannan ƙarfi tazarar da cajin ke iya turawa ta koma wajen nanomita 0.6, alhali a mol 0.01 tana kai nanomita 3. Garkuwar ta siranta ke nan. Na'urar auna girman ƙwayoyi da haske ta nuna abin da ake tsammani: a ruwan gishiri girman yana ta hawa da tsawon zama, domin ƙwayoyin sun fara curewa.

Kalsiyam ya fi muni nesa ba kusa ba. Kaɗan daga cikinsa ya isa ya sa ruwan ya yi hazo. Ruwan da ke fitowa daga shimfiɗun kwal masu gas galibi na sodiyam bayikabonet ne, kalsiyam ɗinsa kaɗan ne, wannan ya yi wa silika daɗi. Sai dai tsagen kwal da yawa cike suke da kalsait, ma'adini mai ɗauke da kalsiyam, kuma duk wanda ya haɗa asid a ruwansa don ya narkar da kalsait, kalsiyam yake saki a daidai wurin da ba ya son ƙwayoyinsa su dunƙule.

Silika mai gudun ruwa ba ta shiga ruwa sai da sinadarin warwatsawa irin na sabulu. Wannan ya ƙara mana rukuni guda a gwajin: ruwan gishiri da sinadarin kaɗai, babu silika. In ba haka ba, duk abin da muka gani nan gaba ba za mu san na wane ne ba.

27 ga Fabrairu

Mun gama awon farko, na kwal da ba a taɓa ba. Babu na'urar da ke ganin ramukan duka, kowace da iyakarta.

Awon naitirojin, inda ake duba yawan iskar da ke mannewa a bangon ramuka a tsananin sanyi na kelbin 77, yana ganin matsakaitan ramuka, daga nanomita 2 zuwa 'yan gomomi, ana fitar da faɗin fuska da lissafin BET na 1938, rabon girman ramuka kuma da na BJH na 1951. A wannan sanyi naitirojin ba shi da kuzarin kutsawa cikin mafi ƙanƙantar ramuka, shi ya sa kwal kan nuna faɗin fuska kaɗan da shi, murabba'in mita guda ko 'yan kaɗan a giram. Idan aka koma CO₂ a kelbin 273, kwal ɗin nan dai sai ya nuna ɗari ko ɗari biyu. Girman ƙwayar CO₂ nanomita 0.33 ne, na metan 0.38, don haka inda CO₂ ya kai, kusan can metan ke zaune. Zaiba kuma ta manyan ramuka da tsage ce. Ana tura ta cikin kwal har matsin megafaskal 414, a lissafin Washburn hakan ya kai rami mai faɗin nanomita 3, amma ban yarda da wannan ƙarshen ba ko kaɗan. Kwal yana matsuwa, kuma a babban matsi abin da na'ura ke ƙirgawa a matsayin zaibar da ta shiga rami, wani ɓangarensa naman kwal ne ya lotsa.

Akwai wani tarko a karatun takardun wasu. A rabon IUPAC, ƙungiyar masana kimiyyar sinadarai ta duniya, ƙananan ramuka su ne ƙasa da nanomita 2, matsakaita 2 zuwa 50, manya sama da 50. A rabon Hodot, wanda masu binciken kwal na ƙasar Sin ke yawan bi, ƙananan sun kai nanomita 10, matsakaita kuma daga 100 ne zuwa 1000. Mutum biyu za su ce matsakaitan ramuka sun ƙaru, alhali abin da ɗaya ke nufi ya ninka na ɗayan sau goma ko fiye. A wannan kundin IUPAC muke bi.

12 ga Maris

Sakamakon naitirojin na garin da aka jiƙa a ruwan nano ya fito. Faɗin fuska ya hau a kwal ɗin duka biyu, kuma wani sabon tudu ya bayyana a zanen rabon ramuka, a ƙasa da nanomita 10. Ɗalibar da ke taya ni aikin ta shigo da takardar da murna: "Malam, ai ramuka sun buɗe." Na ce mata ta zauna mu yi lissafi tukuna, domin ba a nan gizo ke saƙar ba.

Ƙwayar silika ma tana da fuska. Faɗin fuskar ƙwallaye a giram shi ne 6 a raba da nauyin abu sau faɗin ƙwallo. Nauyin silika giram 2.2 ne a santimita kubik, faɗin nanomita 15, amsar ta fito kusan murabba'in mita 180 a giram. To a ce abin da ya liƙe a jikin garin kwal bayan bushewa rabin kashi ɗaya ne kacal cikin 100 na nauyinsa. Wannan kaɗai ya ƙara murabba'in mita 0.9 a kowane giram. Ga kwal ɗin da asalinsa naitirojin ke ganin mita guda ko biyu, wannan ƙari ne babba, ba tare da ko rami ɗaya na kwal ya motsa ba.

Sabon tudun ma akwai abin dubawa. Idan ƙwallaye masu girma ɗaya suka taru, gurbin da ke tsakaninsu yana kamawa daga wajen kashi 15 zuwa kashi 41 cikin 100 na faɗin ƙwallo. Ga nanomita 15, wannan shi ne 2 zuwa 6. Daidai inda tudun namu ya tsaya. Kuma zanen reshe biyu gare shi, na hawan matsi da na saukarsa. In aka ɗauki reshen saukar matsi, akwai tudun bogi da ke fitowa kusa da nanomita 4 a kayayyaki iri-iri, saboda yadda ruwan naitirojin ke tsinkewa ya ƙafe gaba ɗaya idan matsi ya sauko wajen 0.42 zuwa 0.45 na matsin cikarsa. Wannan halin naitirojin ne, ba na kwal ba. Reshen hawa za mu riƙa amfani da shi.

A ganina, yawancin maganar da ake yi cewa ruwan nano ya faɗaɗa ramukan kwal, in dai hujjarta awon naitirojin ne a kan gari, sai an sake tace ta. Silika ba asid ba ce, ba ta narkar da komai. Ta wace hanya za ta haƙa rami a cikin antirasait? Ba cewa nake ba ta sauya komai ba. Cewa nake na'urar ba ta bambance fuskar kwal da fuskar abin da ya hau kansa.

Mun yanke shawarar ƙara gwaji biyu: a auna silikar ita kaɗai bayan an busar da ita daga ruwan, sannan a cakuɗa ta a bushe da garin kwal da bai taɓa ruwa ba, a auna. Za a kuma ƙona samfuran a gwada tokarsu don sanin yawan silikar da ta rage, duk da tokar kwal tun asali tana da silika daga yashi da yumɓu, bambancin kawai za mu duba.

19 ga Maris

Cakuɗen busasshe ya ba da kusan irin tudun da aka gani a jiƙaƙƙen. Mafi yawan ƙarin na silika ne. Ɗan abin da ya rage kuma, samfurin da aka jiƙa a ruwan gishiri kaɗai ma ya nuna irinsa, musamman bitumin. Jiƙa kwal da busar da shi ba aikin banza ba ne a jikinsa: yana ɗan kumbura ya sake tsukewa, wasu ma'adinai su narke, ƙurar da ta toshe bakin rami ta wanke.

3 ga Afrilu

CO₂ ya yi magana: ƙananan ramuka suna nan yadda suke, bambancin bai wuce kuskuren na'ura ba. Haka ya kamata, ƙwallo mai nanomita 15 ba shi da hanyar shiga rami mai ƙasa da 2. Ma'ajiyar gas ɗin, inda ake ta maganar ko za ta ƙaru ko za ta ragu, ƙwayoyin ba su ma isa wurin ba.

Mun bi da awon metan a babban matsi, muka daidaita shi da lissafin Langmuir, wanda ke fitar da iyakar gas ɗin da kwal ke iya riƙewa. Kafin nan sai da muka kawo dukkan samfuran ga laima ɗaya bisa ƙa'idar ASTM D1412, wato zafin digiri 30 da laimar iska kashi 96 zuwa 97 cikin 100 a kan ruwan fotasiyam salfet. Wannan matakin yana cin lokaci amma ba a tsallake shi, domin ruwa na gogayya da metan a kan wurin mannewa, kuma ɗan bambancin laima ya isa ya haifar da sakamakon da mutum zai ɗora wa silika alhali ba ruwanta. Iyakar abin da kwal ke iya riƙewa bai sauya ba. Abin da ya sauya shi ne sauri: samfurin da ya fi ɗaukar silika ya fi jinkirin kaiwa daidaito a kowane mataki. Fassarar da na fi karkata gare ta ita ce ƙwayoyin sun taru a bakin matsakaitan ramuka sun tsuke hanya. Hotunan SEM, na'urar ƙara girma mai aiki da ilektiron, sun nuna curi-curin silika a gefen ramuka da cikin ƙananan tsage, ba shimfiɗa ɗaya mai laushi kamar yadda ake zanawa a takardu ba.

21 ga Afrilu

Yanzu muka zo inda nake ganin amfanin yake, in akwai shi: yadda bango ke karɓar ruwa.

Matsin da ke riƙe ruwa a siririn rami shi ne 2 sau taurin saman ruwa sau kosain na kusurwar ɗigo, wato kusurwar da gefen ɗigon ruwa ke yi da bango, a raba da rabin faɗin ramin. Taurin saman ruwa a zafin ɗaki wajen miliniyutan 72 ne a mita. Idan bangon na jiƙuwa sarai, rami mai rabin faɗi nanomita 50 yana riƙe ruwa da kusan megafaskal 2.9, mai nanomita 10 kuma da sama da 14. Shimfiɗar da ke zurfin mita 600, matsin ruwanta na yau da kullum wajen megafaskal 6 ne, wasu ma ba su kai ba. Ke nan akwai ramukan da ruwa in ya shiga, gas ba shi da ƙarfin korarsa. Amma da kusurwar za ta matsa zuwa digiri 90, kosain ya koma sifili, riƙon ya saki.

A ɓallayen da muka goge, silika mai son ruwa ta sauke kusurwar ɗigo a kwal ɗin duka biyu, ɗigon ya baje ya shige da sauri. Mai gudun ruwa ta ɗaga ta. Rukunin da ke da sinadarin warwatsawa kaɗai ya sauke ta shi ma, don haka a ruwan silika mai gudun ruwa abubuwa biyu ne ke jan igiya ɗaya ta fuskoki biyu, kuma sai bayan an ɗauraye ɓallen halin silikar ya fito sosai. Akwai kuma batun kaushi. Tun 1936 Wenzel ya nuna cewa kaushin fuska na ƙara wa halinta ƙarfi, mai jiƙuwa ta ƙara jiƙuwa, mai gudun ruwa ta ƙara gudu. Ƙwayoyin da suka zauna a fuska kaushi ne.

Wane ne mai kyau? Ya danganta da aikin. Mai zuba ruwa a kwal a cikin mahaƙa don rage ƙura yana son ruwa ya shiga ko'ina, silika mai son ruwa tasa ce. Mai rijiyar gas yana son ruwan da ya tura ya dawo. Sakamako ɗaya ne, alheri ga wancan, hasara ga wannan, kuma takardu kan ce an inganta jiƙuwa ba tare da faɗin wa aka inganta wa ba.

Ana yawan kafa hujja da aikin Wasan da Nikolov da ya fito a mujallar Nature a 2003, inda suka nuna ƙwayoyi na jeruwa sahu-sahu a kusurwar da ke tsakanin ɗigo da bango, har su haifar da matsin da ke ɓanɓare ɗigon. Aikin gaskiya ne, amma ƙarfinsa na fitowa ne a ruwa mai kauri da ƙwayoyi masu girma ɗaya. Namu ruwan ƙasa yake da kashi ɗaya cikin 100, kuma a gishiri ƙwayoyin sun cure. Ba zan jingina bayaninmu a kansa ba.

7 ga Mayu

Curin silinda ya shiga na'urar matsi. Wannan ne gwajin da ya fi kusa da rijiya, domin gari ba shi da tsage, niƙa ta riga ta kashe su.

Muna auna wucewar iska da hiliyam kafin da bayan turin ruwa, saboda hiliyam ba ya mannewa. Metan na kumbura kwal, CO₂ ya fi shi, kuma kumburi na matse tsage, sai awo ya rikice. Ana gyara sakamakon da lissafin Klinkenberg na 1941, tunda a ƙaramin matsi gas na sulɓewa a bango ya nuna wucewa fiye da gaskiya. Matsin kewaye kuma ba a taɓa shi tsakanin awo biyu, domin kwal in aka matsa shi aka saki ba ya komawa daidai yadda yake.

Antirasait ya ba da wahala. Da ruwan da ya fi kauri, matsin shiga ya yi ta hawa, da muka buɗe muka tarar da farin ɓawo a fuskar shiga. Masu haƙa rijiya suna da tsohuwar ƙa'ida daga aikin Abrams na 1977, cewa ƙwaya mai girman kashi ɗaya cikin uku na bakin rami ta isa ta yi gada ta toshe shi. Ƙwaya guda mai nanomita 15 ba komai ba ce ga tsagen da ake aunawa da maikuromita. Curin ɗaruruwan nanomita kuwa, ga tsagen da matsi ya tsuke kuma kalsait ya cinye rabinsa, wani zance ne daban. Da muka rage kaurin ruwan sosai, matsin ya daidaita.

A bitumin an ga abu biyu masu daɗi. Da silika mai gudun ruwa a tsarma, gas ya fara ɓullowa a ƙaramin matsi fiye da curin da aka tura wa ruwan gishiri kaɗai, kuma ruwan da ya dawo ya fi yawa. Na biyu, ruwan da ke fitowa ya fi tsabta, baƙin garin kwal ya ragu a takardar tacewa. Garin kwal babbar matsala ce a rijiyoyin nan, yana toshe yashin da ake turawa don ya tallafe tsage, yana cinye famfo. In silika na riƙe shi a inda yake, wannan amfani ne da awon ramuka ba zai taɓa nunawa ba. Curi kaɗan ne dai aka gwada, kuma curin kwal biyu daga dutse guda kan bambanta ƙwarai, don haka tsugune ba ta ƙare ba.

20 ga Mayu

Mun fara NMR, wato awo da maganaɗisu, a kan curin, don shi ne ke ganin ruwa a inda yake ba tare da an fasa samfur ko an busar da shi ba. Ana cika curi da ruwa a auna, a juya shi a injin wulwulawa a sake aunawa, abin da ya fita shi ne ruwa mai motsi, abin da ya rage shi ne maƙalalle. Wannan rabon nake so in gani kafin da bayan silika.

Nan ma akwai irin tarkon watan Maris. Lokacin T₂ da na'urar ke bayarwa, wato tsawon lokacin da siginar ruwan ke ɗauka kafin ta dushe, ya dogara ga girman rami da kuma halin bangonsa a tare. Idan silika ta rufe bango, T₂ zai iya matsawa alhali girman ramin na nan. Saboda haka ne ma muka fitar da ƙwayoyin Fe₃O₄ masu ɗauke da ƙarfe daga jerin abubuwan da za a gwada, ƙarfen zai hargitsa siginar gaba ɗaya. Za mu karanta jimillar ruwan da ya fita da wanda ya rage, mu kuma tabbatar da shi a sikeli, ba matsawar tudu ba.

Curin da aka gama da su za a yanka su gida uku daga fuskar shiga zuwa ta fita, a auna silikar kowane yanki, mu ga iya nisan da ta kai. Shimfiɗar kwal a ƙasa ta fi ɗakin gwaji zafi, kuma zafi na hanzarta curewa, don haka zagaye na gaba a digiri 40 za a yi shi, da ruwan sodiyam bayikabonet a madadin KCl. An riga an sa kwalaben a tanda, za a fara auna girman ƙwayoyinsu ranar Litinin.